Dokar Shekara Goma

Duk shekara, da zarar Oktoba ta kusa ƙarewa, mu huɗu muke haɗuwa a filin ajiye motoci na wani babban kanti a Idaho, mu jera motocinmu, mu yanke shawarar inda za mu ci sanyin bana. Ni Marlys, sai Gaylene, sai Dot, sai Verna. Duk mazajenmu sun mutu, duk mun sayar da gidajenmu. Abin da ya rage mana shi ne waɗannan motocin masu gado da murhu da ɗan banɗaki wanda in mutum ya zauna gwiwarsa na taɓa ƙofa. Shekara takwas muna haka, kuma kullum wuri ɗaya muke nufa: Mescal Gap, wani ɗan gari a kan tudun hamadar Arizona, mai gidan mai ɗaya da coci uku.

Gaylene ce madugunmu. Babu wanda ya naɗa ta. Ta yi shekara talatin tana shugabar makaranta, har yau ba ta san an sallame ta ba. Dot kuwa duk inda Gaylene ta kalla nan take kallo. Ni ce mai buga waya, domin ni kaɗai ce ba na faɗa da mutane a waya.

Wuraren sauka uku ne a kewayen Mescal Gap. Akwai zangon Dos Palomas na tsoho Ybarra, inda muka saba. Ruwansa na warin ruɓaɓɓen ƙwai, wutarsa na ɗaukewa in mutum biyu suka kunna hita lokaci ɗaya, amma Ybarra ko da amalanke ka zo zai nuna maka inda za ka tsaya. Akwai filin gwamnati a bayan gari, kyauta ne, babu ruwa babu wuta, kwana goma sha huɗu ake bari, daga nan ka ƙara gaba. Sai kuma Silver Sage, sabon zango da aka buɗe bara, kowace mota da dandamalinta na siminti, ga kududdufin wanka mai ruwan ɗumi, ga ƙofa mai lamba.

Motar Verna ta shekara ashirin da shida. Mijinta Orval ne ya saye ta sabuwa, shi ya tafi ya bar ta, ita kuma ta ƙi tafiya. Fentinta ya ɓare, rufinta na yoyo har Verna ta ɗaure masa shuɗin tamfol da igiya, ga kuliyoyi biyu a ciki waɗanda warinsu ke riga ta fitowa in ta buɗe ƙofa. Ba wannan ne ya dame mu ba, mun saba. Abin da ya dame mu kan Verna ne. Bara ta bar kasko a wuta har hayaƙi ya tara jama'a. Ta riƙa kiran Dot da sunan yayarta da ta mutu tun tuni. Wata safiya sau huɗu ta buga mini ƙofa tana tambayar yau wace rana ce, na huɗun har da dariyarta, wai ta san ta tambaya amma ba ta tuna amsar ba.

Ɗanta Curtis, da ke Spokane, ya so ya kai ta gidan tsofaffi tun bazara. Da kyar ta samu ya bar mata makullin motarta, bisa sharaɗi ɗaya: ta ci sanyi a tare da mu, a zango mai wuta, inda akwai idon da zai riƙa ganinta. In ya ji ta kwana ita kaɗai ko da sau ɗaya ne, zai zo ya ɗauke ta, motar kuma a kai ta bola. Da bakinta ta faɗa mana. Shi ma ya kira ni ya maimaita, yana ta “Anti Marlys, na bar miki amanarta.” Na ce masa kada ya damu.

Ranar shawara, Verna ta shiga kanti sayen abincin kuliyoyi. Ko ƙofar kantin ba ta gama rufewa ba Gaylene ta zaro takardar tallar Silver Sage ta shimfiɗa a kan teburina.

“Ni fa na gaji da wanka da ruwan ƙwai,” in ji ta. “Shekara saba'in da ɗaya gare ni. Saura nawa? Ku duba wannan ruwan, don Allah.”

Dot ta ɗauka, ta gyara tabarau, ta juya bayan takardar inda ake rubuta ƙananan haruffa. Ta karanta a hankali, da ƙarfi: ba a karɓar motar da ta wuce shekara goma. Ta ajiye takardar. Ta Gaylene shekara uku, ta Dot shida, tawa bakwai. Dot ta ɗauki kofinta ta kai baki alhali babu komai a ciki.

“To ai ba mu muka kafa dokar ba,” in ji Gaylene.

“Haka ne kam,” in ji Dot.

“Kuma ni ba ’yar aikin jinya ba ce. Na yi wa mijina Harold jinya shekara huɗu, na wanke shi, na juya shi, na binne shi. Na gama nawa. Ke Marlys, kin yi shiru.”

Na yi shiru ne don ina tuna garin Yuma. A can mijina Lloyd ya faɗi ya mutu a gaban motarmu yana haɗa tiyon ruwa, ni kuwa ban taɓa riƙe sitiyarinta ba. Verna ce ta bar tata a wurin, ta tuƙa tawa kwana biyu har gida, sannan ta yi sati tana koya mini yin baya a filin coci, tana zagina ina kuka. Na tuna duk wannan, ban manta ko ɗaya ba. Amma na tuna da bugun ƙofar nan ma, na kuma ji a raina cewa bana sai ya fi na bara, kuma ƙofata za a riƙa bugawa, ba ta Gaylene ba.

Na ce, “Ruwan dai yana da kyau.”

Da yammacin ranar na buga wa Silver Sage waya. Wani mai suna Dwight ya ɗauka, ya tambayi shekarun motoci, na ba shi uku. Sai ya ce, “Su ke nan, Madam? In akwai tsohuwa a cikinku a turo mini hotonta. Wani lokacin ina ɗaga ƙafa, musamman in ayari ne, sai in sa ta can baya kusa da katanga.” Na ce masa su ke nan. Wannan maganar ban faɗa wa kowa ba, ko Gaylene. Daga nan na kira Ybarra na ce ya ba da wurarenmu, bana ba za mu zo ba. Ya ce duka huɗun? Na ce duka huɗun.

Da Verna ta tambaya, na ce mata an gama komai, sabon wuri za mu, har da ruwan ɗumi. Ta tafa hannu. Ta ce bari ta nemo rigar wankanta, rabonta da ita tun Orval na da gashi.

Kwana uku muka yi a hanya. Gaylene a gaba, sai Dot, sai Verna, ni a baya, saboda haka kwana uku ina kallon shuɗin tamfol ɗin nan yana kaɗawa. Duk inda muka tsaya shan mai sai ta zo tagata da gyaɗa a hannu. Tuƙinta lafiya lau, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Hannunta bai manta komai ba.

Mun isa ƙofar Silver Sage wajen ƙarfe biyu na rana. Dwight ya fito a ’yar motarsa ta batir, jajir da shi, da allon takarda a hannu. Ya duba ta Gaylene ya ɗaga sanda, ya duba ta Dot ya ɗaga sanda. Da ya zo kan ta Verna sai ya tsaya, ya zagaya ta sau ɗaya yana kallon tamfol, ya duba takardarsa.

“Mama, sunanki?”

“Verna Kessel. Tare muke.”

“Babu ke a nan. Kuma ko da akwai, wannan ta shekara nawa?”

“Ba a tambayar mace shekarunta, yaro.”

Bai yi dariya ba. Ya nuna mata allon da ke jikin ƙofa. Verna ta sauko, ta je har gaban allon ta karanta da yatsa. Ta juyo tana murmushi, irin na wanda ke jiran a ce masa wasa ake yi.

“To ni da na shekara saba'in da huɗu fa? A bola za ka ajiye ni?”

Gaylene ta taho daga ciki da sauri, tana huci. Ban taɓa ganin wasan kwaikwayo irin na ranar ba. Ta ce wannan wane irin wulaƙanci ne, ta ce za ta rubuta wa masu wurin, ta ce a ƙasar nan ake yi wa matar tsohon soja haka. Dwight ya ce doka ce. Gaylene ta ɗaga hannu sama ta sake su, ta juya ga Verna, muryarta ta yi laushi.

“Kin gani ko, ’yar uwa? Mutanen banza ne. Da mun sani.”

Verna ta dube ni. Na ce wataƙila an samu kuskure a wayar, layin ba ya da kyau ranar. Ta gyaɗa kai nan take, har da dafa mini kafaɗa, wai kada in sa wa raina damuwa. Motoci biyu sun riga sun taru a bayana suna jira, sai da ta yi baya ta ba ni hanya na shiga.

Ta je Dos Palomas. Ybarra ya ce wallahi da satin da ya wuce ta zo da ta samu, amma ma'aikatan haƙar tagulla sun cike wurin, sai farkon Disamba wani zai tashi. Saboda haka ta shiga filin gwamnati, ta tsaya a gindin wata ƙaya kamar rabin mil daga katangarmu. Daga tagar kicin ɗina ina hango tamfol ɗin. Da yamma ta kira ni.

“Marlys, kada Curtis ya ji. Sati kaɗan ne. Ai kusa muke, kamar tare muke, ko ba haka ba?”

Na ce haka ne.

Al'adarmu ce, kamar ta kowane zango, ƙarfe huɗu na yamma kowa ya fito da kujerarsa ta naɗi da abin shansa a yi da'ira. A Silver Sage da'irar babba ce, kuma mutanenta ba irin na Ybarra ba ne. Akwai likitan haƙori daga Minnesota, akwai wasu mata da miji daga Kanada masu mota kamar otal. Rana ta biyu sai ga Verna ta ratso ta cikin ƙaya a ƙafa, da kujerarta a kafaɗa da kwanon dafaffen ƙwai. Sai da ta sa hannu a littafin baƙi a ofis, aka maƙala mata wata takarda a ƙirji mai cewa baƙuwa ce, ta fita kafin shida. Ta shigo da'ira da takardar a ƙirji tana gaishe da kowa. Matar likitan ta tambayi Gaylene wace ce.

“Wata ce da muka haɗu da ita a hanya,” in ji Gaylene. Verna na tsaye a bayanta tana buɗe kujera. Ban san ko ta ji ba.

Kullum sai ta zo. Ta ba da labarin yadda Orval ya kama kifi da hula ranar Litinin, aka yi dariya. Ta sake ba da shi ranar Talata, aka yi murmushi. Ranar Laraba da ta fara, mutumin Kanada ya ƙarasa mata, matarsa ta zungure shi, sauran suka ƙyalƙyale. Verna ta yi dariyar tare da su, tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya don ta gano abin da ake wa dariya. Ranar Alhamis Gaylene ta sa aka mayar da da'irar can gefen kududdufi, inda baƙi ba sa shiga. Muna zaune muka hango ta tana zagaya motocinmu da kujera a kafaɗa, tana leƙa tagogi. Dot ta ce a kira ta mana. Ba ta tashi ba, ni ma ban tashi ba.

Rana ta bakwai ta zo da ƙarfe goma na safe, da rigar barci da takalmin Orval, tana buga ƙofar mutanen Kanada tana kiran sunana. Dwight ya mayar da ita a ’yar motarsa. Da ya dawo ya tsaya a gabanmu mu uku ya ce shi ba gidan jinya yake gudanarwa ba, in ta sake, har mu zai duba zamanmu. Gaylene ta ce ita da ma ba ta san matar sosai ba. Ta juyo gare ni ta ce, “Ƙawarki ce. Ki san yadda za ki yi.”

Mutanen da ba su san tudun nan ba suna jin an ce hamada sai su ɗauka zafi ne. Da rana ka zauna da ’yar shara, da asuba ruwa ya daskare a tiyo. Mu muna da wuta, hita na aiki, ban ma san sanyin ya sauko ba sai da na ga Dwight na naɗe famfuna da tsumma. Rana ta tara da safe na ɗauki galan biyu na ruwa na taka zuwa wurinta.

Na same ta zaune da kwat biyu, kuliyoyin a cinyarta, ta kunna tandun gas ta bar ƙofarsa a buɗe don ɗumi. Tagogi duk a rufe. Na buɗe ɗaya na fara faɗa, ta ce ta sani, ta sani, minti goma kawai take yi, janaretan ne ya ƙi tashi. Bututun ruwanta ya daskare ya fashe tun shekaranjiya. A jikin gilashin gaba akwai takardar jami'in filin, ya rubuta ranar da kwana sha huɗunta za su cika.

Ranar kanta garau yake. Ta dafa mana kofi da ruwan da na kawo, ta tuna ba na shan sukari. Ta nuna mini hotunan da take tura wa Curtis: kududdufin Silver Sage, furannin ofis, motata daga gefe. Ta ɗauke su ne duk ranar da ta zo.

“Ya ce wurin ya yi kyau,” in ji ta. “Ya ce in riƙa shiga ruwan, yana da amfani ga gwiwa.”

Ta riga ta tsara komai. In kwanakin suka cika dole ta matsa mil ashirin da biyar, haka dokar filin take. Ta san wani wuri a hanyar tsohuwar ma'adina. Sati biyu a can, sai Disamba ta kama, sai wurin Ybarra. Daga nan ko Curtis ya zo zai same ta a zango mai wuta, mu kuma ga mu nan mil uku. Ta zana mini taswirar a bayan ambulan, kuma daidai ta zana.

Sai ta ajiye biron ta ce, “Ki zo mu je tare mana, Marlys. Sati biyun nan kawai. Janaretanki na aiki. Ba zan dame ki ba, na rantse. In na buga miki ƙofa fiye da sau ɗaya ki watsa mini ruwa.”

Na ce zan duba.

“Ba na jin tsoron sanyi,” in ji ta. “Abin da nake tsoro shi ne in farka ban san inda nake ba, in leƙa kuma babu motar da na sani. In na ga taki, shi ke nan, sai komai ya dawo.”

Na sake cewa zan duba. Ta ce za ta zo ƙarfe huɗu ta ji, in ya so ta roƙi Gaylene da Dot su ara mata ni.

Ban kai katanga ba na tsaya a cikin ƙaya na kira Curtis. Na faɗa masa tandun gas, da tagogi a rufe, da rigar barci, da bututun da ya fashe. Duk gaskiya ne, ko ɗaya ban ƙara ba. Na daɗe ina gaya wa kaina saboda tandun na kira, kuma duk wanda na ba labarin ya ce na yi daidai. Amma ni na san abin da ke raina a tsaye a wurin. Ba na son ƙarfe huɗu ta yi. Ba na son ta tambaye ni a gaban mutane, in ce a'a da bakina. Kiran Curtis ya fi sauƙi.

Ya ce, “Tun yaushe take ita kaɗai?” Na ce kwana tara. Ya ce, “Kwana tara, Anti Marlys.” Bai ƙara komai a kai ba, ya ce zai nemi jirgi.

Ranar ba ta zo da huɗu ba, ta manta. Washegari ta zo ta tarar da mu a bakin motocinmu, amma ta manta da maganar, labarin kifi ta kawo. Na ji daɗin hakan, kuma na ji kunyar jin daɗin, amma daɗin ya fi yawa.

Curtis ya iso rana ta goma sha biyu da hantsi, a motar haya, da wani mai janwe a bayansa. Ya biyo ta Silver Sage ya ce in raka shi, wai za ta fi natsuwa in ta ga fuskar da ta sani. Na leƙa wajen Gaylene, labulenta a sauke. Dot ta ce kanta na ciwo.

Verna na waje tana shanya tawul a jikin ƙaya. Da ta ga ɗanta fuskarta ta washe, ta buɗe hannu. Sai ta ga janwen. Hannuwan suka sauka a hankali.

“Mama, mun yi magana,” in ji Curtis.

“Saura kwana kaɗan, Curtis. Ybarra ya yi mini alkawari. Tambayi Marlys.”

“Mun yi magana, Mama. Ki ɗauki abin da za ki ɗauka. Akwati biyu ’yan gidan tsofaffin suka ce.”

Ta roƙe shi. Ban taɓa ganin Verna ta roƙi kowa ba, ko a asibiti ranar Orval. Ta kawo masa ambulan ɗin mai taswira, bai karɓa ba. Ta ce ya gwada ta, ya tambaye ta komai, ranar haihuwarsa, lambar motar, sunan malamarsa ta aji ɗaya, ta faɗe su duka a jere ba tare da an tambaye ta ba, kuma ban ga ya ce ta yi kuskure ba. Ya dai miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta ciro makullin daga wuyanta ta sa masa.

Mai janwen ya zagaya motar yana taunar cingam, ya ce tayoyin baya biyu za su yi amfani, sauran sai a auna a sayar a kuɗin ƙarfe. Kuliyoyin aka sa su a kwali, Curtis ya ce akwai inda ake karɓarsu a Tucson, gidan da za ta ba a shiga da dabba. Ni na naɗe mata kaya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ce mini wannan a ɗauka, wannan a bari, muryarta ba ta rawa. Rigar wankan na nan a saman gado da ’yar takardar kanti a jikinta, ashe sabuwa ta saya. Ta ce a bari.

Da muka fito sai zafin ya taso mata. Ta ce jami'in filin nan ne ya kai ƙararta, tun ranar da ya zo ta ga idonsa. Ko kuma jan mutumin nan na ƙofa, mai ’yar motar yara. Ta zage su tas, har da iyayensu. Sannan ta kama hannuna ta riƙe gam, ta juya ga ɗanta.

“Ka ga wannan? Ita kaɗai ce ta tako ta zo inda nake. Ita ta kawo mini ruwa. Sauran ko leƙe. In na mutu ka ba ta zoben babanka, ka ji na faɗa.”

Curtis na ɗaure akwati a bayan mota, ko juyowa bai yi ba.

“Ai sai ki gode mata, Mama. Ba don ta kira ni ba da yanzu wani zancen ake yi.”

Ban ji lokacin da ta saki hannuna ba, sai dai na ga nawa a sake. Na jira ta rikice, ta tambayi wa ya kira wa, ta koma zancen jami'in fili. Na roƙi Allah a raina ya sa yau ɗin irin ranakun mantuwar nan ne. Ta dube ni, kuma duk wanda ya ga idon nan ya san babu abin da ya ɓace mata.

“Yaushe?” in ji ta.

Na ce, “Verna, tandun nan…”

“Yaushe?”

“Ranar da na kawo ruwa.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce wa Curtis ya ba ta biro. Ya ce na me, za su makara. Ta ce ya ba ta. Ya ciro daga aljihu ya miƙa mata. Ta naɗe hannun kwat ɗinta, ta ɗora bakin biron a bayan hannunta na hagu, amma sanyin kwana goma sha biyu ya shiga yatsunta, biron sai zamewa yake yana barin ɗan zane. Ta gwada sau uku.

“Me kike rubutawa, Mama?”

“Abin da ba na so in manta. Na san kaina, kafin mu kai Tucson zan ce ka juyo in yi mata sallama.”

Ta miƙo mini biron, ta miƙo mini hannun.

“Rubutunki ya fi kyau. Sa: Marlys ce ta kira. Da manyan baƙi.”

Curtis ya ce haba Mama. Mai janwen ya daina tauna. Ita kuwa hannun na nan a miƙe, fatar ta yi sanyi ta yi taushi, sai da na ja ta da babban yatsana kafin biron ya kama. Na rubuta. Ta ɗaga ta karanta, ta ce in sake bi a kai don kada ya goge, na sake bi.